Bishiyar da Baba Ya Ƙi Raɗa wa Suna

Kafin masu shara su gama da barandar sashen nazarin tsirrai, Baba ya riga ya jingine kekensa a jikin tagar ɗakin ganye, ya buɗe ƙofa, ya tsaya yana shinshina iska. Wannan ne aikinsa na farko kowace safiya. Ɗakin cike yake da kabad-kabad na ƙarfe, kowanne ɗauke da busassun rassa da ganyaye da aka manne a kan farin kwali, kuma Baba ya ce hanci ne ke fara sanin ko danshi ya shiga ko ƙwaro ya sami hanya. In hancin ya gamsu, sai ya koma kan matsin katako, ya kwance igiya, ya zare tsofaffin jaridun da suka sha ruwan ganye, ya sa busassu, ya hau da gwiwa ya sake ɗaurewa. Daga nan ya rataya gilashin ƙara girma a wuya, ya ɗauki almakashin yankan reshe, ya zagaya lambun da ke bayan ofis. A can ƙarshen lambun akwai wata bishiya da yake tsayawa a wurinta fiye da sauran. Ya share gindinta tsaf, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana kallon sama, sannan ya girgiza kai ya dawo.

Ƙarshen wannan wata Baba zai ajiye aiki, kuma na rantse ba zai fita daga ginin nan shiru kamar yadda ya zauna a cikinsa ba. Na shigo sashen ina ɗaliba, yanzu ina koyarwa a cikinsa, don haka na san shi ta sama da ta ƙasa. Ni mace ce mai gaggawa, kowa ya shaida, kuma babu wanda ya taɓa ƙure haƙurina kamar wannan dattijo. Duk da haka ni ce yau nake rubuta masa jinjina.

Sunansa na yanka yana nan a takardun ofis, amma ɗalibai ba su san shi da shi ba. Baba Sai-ta-haihu suke ce masa. Dalili kuwa, ka kawo masa reshe da ganye zalla ka ce ya faɗa maka wace bishiya ce, zai juya shi, ya murza, ya shinshina, ya gaya maka gidan da ta fito, daga nan ya tsaya cak. Ka matsa masa ya ba ka cikakken suna, sai ya miƙo maka abinka ya ce sai ta haihu. Wato sai ya ga fure ko 'ya'ya. Ɗaliban da aikinsu ya ƙure sun yi kuka a ɗakin nan, sun yi roƙo, wasu sun yi fushi sun buga ƙofa, amsar dai ba ta canza ba.

A wurinsa na fara fahimtar yadda masana ke tsara bishiyoyi, tun kafin littafi ya shige ni. Ranar farko ya jera mana rassa huɗu a kan tebur: ɓaure, cediya, durumi da gamji. Ya tambaye mu me ya haɗa su. Muka ce babu, don ganyen gamji ya kusa faifai, na cediya kuwa bai wuce tafin jariri ba. Sai ya karya kowanne, farin ruwa kamar madara ya ɗigo daga dukkansu. Ya nuna mana wata 'yar hula mai tsini da ke rufe sabon toho, wadda in ta faɗi take barin zobe a jikin reshe, duk huɗun suna da ita. Sannan ya ɗauki reza ya tsaga ɗan ɓaure biyu, ya ce mu leƙa da gilashi. Ashe furannin suna ciki a ɓoye, ƙanana ƙwarai, jere a bango. Ya ce wa ya taɓa ganin furen ɓaure a waje? Babu. Waɗannan alamu su ne suka sa masana suka zuba su duka a gida ɗaya, suka ba gidan suna ɗaya da harshen Latin, Ficus, kowace bishiya kuma aka ƙara mata nata sunan a bayan na gidan.

Gano gidan, in ji shi, aikin minti kaɗan ne. Wahalar tana wajen rarrabe 'yan gidan. A nan ganye ba abin dogara ba ne, domin bishiya ɗaya tana iya yin faffaɗan ganye a inuwa ta yi siriri a rana, tana ƙarama ta yi mai tsage-tsage, ta girma ta yi sumul. 'Ya'ya ne ba sa canza magana. Sai ka duba ko suna da mariƙi ko a manne suke, masu gashi ne ko masu santsi, yaya 'yar ƙofar da ke bakinsu take, kuma a ina suka fito: a inda ganye ya haɗu da reshe kamar na cediya, ko a jikin kututture kamar na wata 'yar gidan da ake kira uwar yara. Wani ɗalibi mai baki ya ce to ai wannan bin diddigin ya fi na neman aure. Baba ya ce ya fi, domin a can in ka yi kuskure kai kaɗai za ka sha, a nan kuwa duk wanda ya buɗe kabad bayan ka mutu zai sha tare da kai.

Direban sashen, wanda ya tsufa tare da shi, ya ba ni labarin yadda bishiyar ƙarshen lambu ta zo. Sun je tattara tsirrai ne tun Baba yana da baƙin gashi, suka hau wani tsauni, a cikin wani kwazazzabe mai danshi suka iske bishiyoyi kaɗan masu kama da ɓaure, amma ganyensu ya fi laushi, bakinsa kuma da 'yan haƙora. Ba ko ɗa ɗaya a jikinsu. Baba ya yanko reshe, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, ya rungume shi a gaban mota duk tsawon hanya. Direban ya ce ya roƙe shi ya ajiye a baya su ci abinci, ya ƙi, haka ya ci da hannu ɗaya. Reshen ya kama. Da suka koma bayan wasu shekaru don su duba ko iyayen sun yi 'ya'ya, sai suka tarar masu fasa dutse sun cinye rabin tsaunin, kwazazzaben ya zama ramin da motocin tifa ke ɗibar dutse. Tun daga ranar aka san ta bayan ofis ita ce ta rage, kuma duk reshen da aka yanka daga samanta aka dasa, ruɓewa yake yi.

Ɗalibai suka sa mata Baƙuwa. Kowace bishiya a lambun tana da ɗan allon ƙarfe mai suna biyu, Baba ne ke buga haruffan da guduma. Na Baƙuwa kalma ɗaya ce kawai, sunan gidan, bayanta fili.

Ba wai an rasa zato ba ne. A cikin kabad akwai wani tsohon kwali da ya yi ja don tsufa, wanda wani mai bincike ya tattara tun kafin a haifi Baba. Ganyen jikinsa kamar an kwafo na Baƙuwa, kuma sunan da ke kansa na wani ɗan gidan ne da ba a cika gani ba, wanda aka daɗe da ɗauka ya ɓace daga wannan yanki. 'Ya'yansa suna cikin 'yar ambulan da aka manna a gefe, busassu, amma mai tattarawar bai rubuta daga wane sashe na bishiyar ya tsinko su ba, littattafan ma da suka ambace shi layi kaɗan suka ba shi. Farfesanmu, wanda ya shafe shekarun aikinsa yana nazarin wannan gida na bishiyoyi, ya ce shi zuciyarsa ta fi karkata ga cewa ita ce. Amma shi ma ya yarda ɓaure na gama-gari, in ya tashi a danshi da inuwa, yana iya yin ganye kusan haka. Su biyun suka zauna a kan magana ɗaya: a jira.

Kai ne, Baba, ka jira. Kai ne ka ja ruwa da bokiti shekarar da famfon lambu ya lalace. Kai ne ranar da rufi ya yi yoyo ka tuɓe rigar ruwanka ka lulluɓe kabad ɗin da tsohon kwalin yake ciki, ka tuƙa keke zuwa gida ruwa na dukanka, mai gadi ya gani da idonsa. Kai ne ka sa kafinta ya ƙara wa tsani tsawo har sau biyu saboda Baƙuwa tana girma kana binta sama, kana laluben hammatar kowane ganye.

Sai bara aka zo da zancen faɗaɗa ɗakin gwaji. Injiniyan gine-gine ya zo da ma'auninsa, zanen ya faɗa daidai kan ƙarshen lambu. Mutumin kirki ne, ba shi da gaba da bishiya. Ya ce ƙa'idar kwamiti a fili take: bishiyar da sashe ya tabbatar a rubuce cewa ta musamman ce, za a karkatar da gini a bar ta, wadda ba a tabbatar ba kuwa a sare. Tabbacin kuma sa hannun mutum biyu yake so, na Farfesa da na mai kula da ɗakin ganye.

Nan rigima ta tashi, kuma ni ce a kan gaba. Na shiga ɗakin ganye da takardar a hannu na ce masa ganye ya yi daidai, Farfesa ya karkata, tsaunin ya tafi, me kuma ake jira? In muka rubuta sunan muka yi kuskure, mun ceci ɓaure ɗaya, ba wanda ya mutu. In muka ƙi rubutawa alhali ita ce, mun kashe ta ƙarshe da hannunmu. Har gobe ina ganin hujjata ba ta banza ba ce. Baba ya saurare ni har na gaji, yana shafa gam a bayan wani ganye, sannan ya ɗago.

"'Yata, in na sa hannu yau, gobe ɗalibi zai yanki ganyenta ya manna, ya rubuta wannan suna. Jibi wani ya zo daga nesa ya gwada tasa bishiyar da namu kwalin. In ba ita ba ce, ƙaryar ta shiga kabad ke nan, kuma abin da ya shiga kabad ba ya fita da sauƙi. Ina son bishiyar nan fiye da ke. Amma ban ga 'ya'yanta ba."

Na ce to ya zauna da gaskiyarsa, za a kawo masa itacen ya yi girki. Na fita na buga ƙofa kamar 'yar aji ɗaya. Farfesa da aka kai masa zancen ya ce da an bar shi shi kaɗai wataƙila da ya sa hannu, amma ba zai tilasta wa mutumin da ya fi kowa asara ba. Bayan mako guda ma'aikatan injiniya suka zo suka shafa wa Baƙuwa jan fenti a ƙirji. Abin da ya hana a sare ta nan take shi ne damina ta sauka, motar aiki ba za ta iya shiga taɓon lambun ba. Aka ce sai ruwa ya ɗauke.

A cikin wannan damina ce idon Baba ya ƙi. Yanar ido ta daɗe tana rufe shi yana ɓoyewa, har sai da 'yarsa ta gan shi yana laluben bakin kofi. Aka yi masa aiki a ido ɗaya, aka jira, aka yi a ɗayan. Watanni bai taka sashen ba. Ni na riƙe makullin ɗakin ganye, na canza jaridu yadda ya koya mini, amma ƙarshen lambu ban je ba, don ba na son ganin jan fentin nan. Masu yankan ciyawa ma da suka ga alamar sara sai suka daina wahalar da kansu. Ciyawa ta tashi a gindinta har ƙugu.

Da ruwa ya fara ja baya, injiniya ya aiko cewa motar za ta shigo farkon mako. Na kira gidan Baba na faɗa, don bai kamata ya ji a bakin wani ba. Washegari da hantsi sai ga shi a tasi, da baƙin tabarau, matarsa tana riƙe masa da lema. Mama muke ce mata, mace mai faɗin rai da kaifin harshe, wadda ta ce ta biyo shi ne saboda likita ya hana shi abu biyu, sunkuyawa da kallon rana, kuma ta san in aka bar shi duka biyun zai yi kafin azahar.

Muka taka zuwa ƙarshen lambu mu uku. Baba ya dafa kututturen daidai kan fentin. Can ya dubi ciyawar ya ce wannan ƙazanta fa, ko sare ta za a yi ai ba a bar ta haka ba. Ya zaro almakashinsa daga aljihu, ashe da shi ya zo. Ya ce akwai wasu tsirarun tsiro marasa ganye da take fitarwa a gindi kowace damina, kamar saiwa amma ba saiwa ba, shi ke yanke su tun suna ɗan yatsa don kada maciji ya samu maɓoya a hanyar ɗalibai, kuma don allon ya fito. Zai sunkuya Mama ta fizge almakashin ta ce ya tsaya a inda yake. Ta ɗaure zani, ta durƙusa, ta buɗa ciyawar da hannu biyu. Sai ta ɗago kai ta dubi Baba.

"Malam, har waɗannan 'ya'yan zan yanke, ko in bar su?"

Ban san lokacin da na zube a ƙasa ba. Tsirran da ba a yanke ba sun yi tsawo sun kwanta cikin ciyawa kamar igiyoyi, sun yi rassa, kuma jikinsu cike yake da 'ya'ya, curi-curi, kore masu ɗigon fari, wasu sun fara ja. Na tsinko ɗaya na sa wa Baba a tafi. Ya cire tabarau, Mama ta matso da lema, ya ɗora gilashinsa a kan sabon idonsa. Ya juya ɗan, ya duba mariƙin, ya duba ƙofar bakin. Ya ce in kawo reza, in kira Farfesa, in ɗauko tsohon kwali, kuma kada in gudu da shi a hannu.

Kafin in dawo Mama ta gama haɗa lissafin abin da ya faru, kuma ba ta raga masa ba. Ta ce wato shekara da shekaru yana dawowa gida da ciwon wuya, yana cewa bishiya ta ƙi haihuwa, ashe kowace damina ta ɗauko abin arziki shi ne ke bi da almakashi yana datsewa. Ta ce da ba a kwantar da shi a asibiti ba, da har ya mutu yana zargin baiwar Allah. Baba ya zauna a kan dutse ya yi dariya har hawaye suka zubo, Mama tana faɗa masa ya daina don likita bai ce a jiƙa idon ba. Ya ce gaskiyarta, shi ɓaure ya sani, ɓauren da ya saba da shi kuma a sama yake haihuwa, shi ya sa bai taɓa tunanin ya tambayi ƙasa ba.

Farfesa ya jiƙa ɗaya daga busassun 'ya'yan ambulan a ruwan zafi har ya yi laushi, suka tsaga shi gefe da gefe da sabon. Suka daɗe kai a haɗe, ɗaya ya duba ya miƙa wa ɗaya. Mariƙi ɗaya, gashi ɗaya, ƙofa ɗaya, furannin ciki ɗaya. Farfesa ya sa hannu a takardar injiniya. Baba ya karɓi biro, ya sake ɗaukar ɗan ya duba, har na fara jin tsohon haushina yana tasowa, sannan ya sa nasa. An aika samfuri zuwa wani babban ɗakin ganye don ido na uku, amsa ta dawo daidai. Injiniya ya karkatar da gininsa, ya yi asarar ɗaki ɗaya na ajiya, ya ce ya fi masa sauƙi da ya sake zama a taro da ni.

Ban taɓa jin nauyi ya sauka daga ƙirjina kamar ranar ba. Na koma ofis na rufe ƙofa na yi kuka, kukan wanda aka ce masa mara lafiyarsa ya tashi. 'Ya'yan ba su nuna har ƙarshe ba, zubewa suka yi, don ɗan ƙwaron da ke shiga ya haɗa furanninta ya tafi tare da tsaunin. Amma igiyoyin nan, duk inda suka taɓa ƙasa mai danshi sun yi saiwa. Mun raba guda biyar a tukwane, huɗu sun kama, an kai biyu wani lambun don kada a sake tara komai a wuri ɗaya. A sabon kwalin da Baba ya manna, ƙarƙashin sunan, ya rubuta da manyan haruffa cewa 'ya'yan a gindi suke, cikin ciyawa.

Baba, mai haƙurin da ya gajiyar da masu gaggawa, mun gode. Mun gode da jaridun da ka canza ba wanda ya gani, da ɗaliban da ka mayar daji su nemo fure suna zaginka a zuci, yau su ne ke mayar da nasu ɗaliban. Mun gode da ka yi kuskure a gabanmu ka yi masa dariya, ba ka nemi wanda za ka ɗora wa ba. Kai ne ka gwammace ka rasa abin da ka fi so a ginin nan da ka rubuta abin da ba ka gani ba. Da ka biye mini, da bishiyar ta tsira, amma da har yau ba mu san ko wace ce ba, kuma da ka ci gaba da yanke mata gindi kowace damina da zuciya ɗaya.

Ku da kuke riƙe da wani ɗan aiki da mutane za su dogara da shi bayan kun tafi, mai awo ne kai, ko mai gwajin jini, ko mai duba gini, ku zo ku ga dattijon nan kafin wata ya ƙare. Inda ba ku sani ba, ku bar wurin fili, kada ku cike shi don a daina damunku.

Jiya ya buga kalma ta biyu a kan allon ƙarfe, harafi bayan harafi, ya ɗaura shi da kansa. Na ce a kawo kananzir a goge jan fentin, ya ce a bar shi, ɗalibai su riƙa tambaya. Sannan ya ciro almakashin daga aljihu ya sa mini a hannu tare da makullin ɗakin ganye.

"Ki riƙe, 'yata. Ko'ina cikin lambun nan ki yi aiki da shi. Amma in na ji kin kai shi gindin Baƙuwa, Mama zan turo miki."